Laraba a Yaba

Nas ce ta rubuta min a bayan katin asibiti,
bayan likita ya dubi hoton hantata ya yi shiru:
"Laraba, ƙarfe shida, makarantar firamare, Yaba."
Na naɗe katin, na cusa cikin hula.
Sati uku yana shan zufar kaina,
ni kuwa ina shan abin da na saba,
'yar ledar nan mai ƙona maƙogwaro
da Iya mai tebur ke miƙo min a ɓoye
a bakin tashar Agege, tun kafin gari ya waye.

An ce akwai irin zaman nan kusa da mu.
To, wa ke kai kansa inda aka san sunan ubansa?
Tela ne ni. Rabin Zango ni nake wa ɗinki,
na san faɗin ƙirjin kowa,
ban yarda kowa ya leƙa nawa ba.
Sai ranar da zare ya ƙi shiga allura,
hannu na rawa kamar mazari,
yaron shagona ya karɓa ya zura min
bai ko ɗago ya dube ni ba.

Danfo biyu na shiga. Ruwa ya tsuge a Oshodi,
motoci suka cushe, kwandasta na zagin kowa.
Sau biyu na miƙe zan sauka,
wata mai kwandon kifi ta tare ƙofa.
Allah ya saka mata, ba ta san aikin da ta yi ba.

Ajin 'yan shekara bakwai ne.
Kujeru ƙanana, gwiwa har haɓa,
lissafin safe bai gogu daga allo ba.
Mutum goma sha ɗaya, fulas ɗin shayi guda.
Adisa direba ya ce kwanansa casa'in.
Madam Uloma, da ta koyar shekara talatin,
ta ce a kwalbar maganin tari take zuba tata.
Bulus, tsohon soja daga Fankshin,
bai ce komai ba, ya yi ta murza makullinsa,
ba wanda ya matsa masa.
Da buroka ake magana, nawa kuwa gurgu ne,
amma ciwo ba ya neman tafinta.

Sai ƙofa ta buɗe.
Rigar na fara ganewa kafin fuskar:
shuɗiyar shadda, aska biyu a wuya,
dare huɗu na yi a kanta kafin babbar salla.
Alhaji Jatau na mayanka, ɗan sahun gaba!
Na nemi ƙasa ta tsage, siminti ya ƙi.
Ya jawo 'yar kujera kusa da tawa,
ta yi ƙara, ya zauna,
ya ce da Hausa, can ƙasa-ƙasa:
"Sallau, ka sha hanya.
Shekarata huɗu a kan wannan kujera."

Da layi ya zo kaina na faɗi sunana,
sauran maganar ta maƙale.
Suka ce ya isa na yau.

Ba zan yi ƙarya ba, a kwana na sha tara na faɗi.
Na koma ranar Laraba ina jin warin kaina,
ba wa'azi, ba harara,
Bulus ne ma ya zuba min shayi.
Muka soma ƙirga daga ɗaya.

Ranar Juma'a mukan haɗu da Alhaji a masallaci,
mu gaisa, ya tambayi ɗinki, in tambayi shanu.

Yau arba'in da ɗaya.
Iya na ƙwala min kira in na gifta,
in ɗaga mata hannu daga tsallaken titi.
Da safen nan na lashi bakin zare,
na saita allura da hasken taga.
A karo na biyu ya shiga.