Mai Gyaran Lilo a Kan Tudun Tibilisi

Kafin a buɗe ƙofa ni nake fara isowa,
da sifana a aljihu, da gwangwanin giris,
in bi kusoshin babban lilo ɗaya bayan ɗaya
kamar mai duba haƙoran tsohon jaki.
Sunana Gocha.
Shekara ashirin da shida ina juya mutane sama,
ni ƙafata ba ta taɓa barin ƙasa ba.

Na sha tambayar kaina me suke saye a tagar nan.
Mutum da hankalinsa, da kuɗin guminsa,
ya bi layi rabin awa cikin rana
don a ɗaure shi da ɗamara
a wurga shi inda hanjinsa zai kaɗa.
Tsoro kyauta ne a gari,
yana jiran kowa a asibiti da takardar haya,
amma nan sai an yanki tikiti.

Ga ma'aikacin banki nan da kwat da lakataye,
wanda ko gaisuwa sai ya auna.
Jirgin gangara ya kai shi ƙololuwa, ya ɗan tsaya,
ya sake shi,
sai ga shi yana kiran uwarsa da sunan yarinta.
Ya sauko gwiwa na rawa, yana dariya har da hawaye,
ya koma bayan layi.

Ga yara a motocin karo,
wurin da aka halatta musu abin da ake dukansu a kai.
Ga saurayi ya zaɓi kujera mafi tsoratarwa
don yarinyar ta riƙe masa hannu,
ƙarshe shi ne ya ƙanƙame ta.
Ga Lamara, tsohuwar malamar lissafi,
duk ran Alhamis, ita kaɗai, da alawar auduga a hannu
tana ci a hankali, ba ruwanta da kowa.
Ta ce mini sau ɗaya:
wannan ne kaɗai faɗuwar da aka san ƙarshenta.

Na ji, na gyaɗa kai, na koma kan girisina.

Sai ran nan lilo ya fara wani kuka,
siriri, kamar ɓera a bayan kabad.
Na shafa mai, na ɗaure, na kasa kunne. Yana nan.
Nestan, yarinyar da nake koya wa aiki,
ta goge hannu a wando ta ce,
Baba, daga sama yake zuwa,
daga ƙasa ba za ka ji shi ba.
Na ce ki hau. Ta ce kunnenka ya fi nawa.
Ta riga ta buɗe ƙofar keji.

Wanzami ba ya son jarfa.
Na zauna. Ta danna.

Ƙasa ta janye kamar tabarmar da aka ja a ƙarƙashina.
Rumfar tikiti ta zama akwatin ashana.
Na runtse ido, na ƙirga kusoshina a zuci,
ni na ɗaure su, ni na san su,
duk da haka tafin hannuna ya jiƙe.
Da na buɗe,
ga kogi can yana walƙiya kamar wuƙar da aka yar,
ga gadar da nake bi kullum ban taɓa ganinta ba,
ga unguwarmu, ga rufin kwano mai tsatsa,
ga wani farin abu a baranda
da na rantse rigata ce Eteri ta shanya.
Iska ta cire mini hula. Ban bi ta da ido ba.
Wani ihu ya fito,
na waiga in ga ko ɗan wa ne,
ni kaɗai ne a kejin.

Da na iso ƙasa Nestan na riƙe da birki.
Ka ji inda yake kukan?

Na ce ban ji ba.
Sake juyawa.