Kwalbar Kalmomi

A tsibirin Chiloé ruwan sama ba ya sallama,
sai dai ka ji shi kan kwano tun asuba.
Yarana talatin da biyu, 'yan aji uku na sakandare,
suna shigowa da rigunan ulu masu warin hayaƙi,
takalman roba na ɗiga a bakin ƙofa.

Karatu kam sun iya.
Yasna takan zuba shafi guda kamar an kunna famfo,
ba tuntuɓe, ba numfashi.
In na ce, "To, me aka ce?"
sai ta dubi rufi, kamar amsar na maƙale a can.
Baki ya ci, ciki bai sani ba.

Sai na kawo kwalbar zuma da ta ƙare,
na ajiye kan tebur kusa da alli.
Na ce duk kalmar da ta tsaya maka a wuya
kamar ƙayar kifi,
kada ka haɗiye, kada ka tofar,
rubuto ta, jefa a nan.

Makon farko ba kowa ciki sai ƙuda.
Mako na biyu Floridor ya jefa sunan karensa,
aji ya kwashe da dariya, har da ni.
Daga nan suka fara zuwa:
daga jikin buhun taki, daga kwalin maganin kaka,
daga allon tashar jirgin ruwa,
wata a bayan tikiti, rabinta ya jiƙe.

Ran Juma'a mukan zazzage.
Ƙamus yana nan, amma shi ne na ƙarshe.
Nakan ce ku tambayi maƙwabtanta tukuna,
kalma ba ta kwana ita kaɗai a jimla,
wadda ke gabanta ta san halinta,
wadda ke bayanta ta san bashin da ake bin ta.

Nibaldo Chiguay ba ya magana.
Kujerar baya, tafin hannu duk kanta,
kullum da duku-duku yana taya ubansa jan taru.
Wata biyu bai kusanci kwalbar ba.
Ran nan da aka tashi sai ya tsaya,
ya miƙo mini takarda, ba guntuwa ba, shafi uku
a naɗe cikin leda.
Ya ɗora yatsa kan kalma ɗaya: hipoteca.

Na san ta. Na danne bakina.
Na ce, karanta abin da ke gabanta.
Kuɗin sabon inji.
Na bayanta fa? Sunan kwalekwalensu,
wanda uwarsa ta rubuta da shuɗin fenti.
Ci gaba. Idan wata uku suka wuce ba a biya ba...

Ya tsaya. Ya koma farko, a hankali wannan karon,
leɓɓansa na motsi, ruwa na dukan taga.
Na ga lokacin da ta buɗe masa,
kunnuwansa suka yi ja.
"Jingina ke nan, Malama. Ɗauke shi za su yi."
"Ya sa hannu?"
"Sai Litinin."

Ya fita a guje, ya bar jakarsa.
Abin da aka yi a gidan a wannan dare
ban sani ba, ban kuma tambaya ba.
Ran Talata dai na tarar da kwalba
cike da rubutunsa mai karkata,
kalma goma sha ɗaya, duk daga shafi na biyu,
da busasshen kifi naɗe a jarida
kan kujerata.