Gurbi Na Bakwai

Fom ɗin shafi huɗu ne.
Na cike shi a shagon Sallau mai kwamfuta,
janareta na tari a baya,
sanyin Jos na shigowa ta ƙasan ƙofa yana cizon ƙafa.

Suna, na rubuta.
Shekaru, na rubuta.
Maki, na rubuta shi da ɗan ɗaga kai,
don na san darare nawa na biya shi
ƙarƙashin fitilar gidan mai, a titin Bauchi.

Sai gurbi na bakwai:
asalin ƙaramar hukuma, haɗe da takardar shaida.
Nan yatsana ya tsaya.

Kakana ya hau dutsen nan da tabarma da diga,
ya haƙi kuza har ƙasa ta riƙe shi.
Kududdufan da ya bari suna nan a hanyar Bukuru,
ruwansu kore, ba sa ba da shaida.
An binne cibiyar babana a Gangare,
an binne tawa kusa da ita,
amma cibiya ba ta da hatimi.

A sakatariya aka ce: je garin kakanka.
Na je. Yini guda a mota, buhun masara kan cinyata.
Dagaci ya dube ni, ya dubi hoton da na riƙo,
ya ce, "Yaro, na ƙarshen wanda ya san fuskar nan
bara muka sallace shi."
Ya ba ni fura mai sanyi. Takarda dai babu.

Sunaye suka fito a allon Naraguta.
Na bi su daga sama zuwa ƙasa,
na sake bi daga ƙasa zuwa sama,
ko tawada za ta ji kunyata.
Ga sunan Davou, abokin ɗakina,
wanda muke karɓa-karɓar rigar sanyi ɗaya.
Na rungume shi, wallahi har zuciya.
Sai da na shiga banɗaki na kunna famfo
sannan na yi abin da ya rage.

Inna ba ta ce komai ba.
Tana rumfarta a Farin Gada tana ɓare kabeji,
ganye bayan ganye,
kamar a can ciki ne amsar take.

Ran Juma'a aka zauna adashi.
Kwasar Ngo Chundung ce, wadda rufin ɗakinta ke yoyo tun bazara.
Ta ce a tsallake ta, ruwa ai ba baƙo ba ne.
Tabawa mai attaruhu ta kwance bakin zani.
Mai karas ta ƙara, mai kifi ta ƙara,
wata da suke gaba da Inna tun kan ma'auni
ta ajiye nata ba tare da ta kalli kowa ba.
Aka ƙulle a baƙar leda.

Ba wanda ya tambayi garin kakana.
Sharaɗi ɗaya ne, daga Ngo:
"In ka gama karatun maganin nan,
ka zo ka karanta min rubutun likita,
ka faɗa min gaskiyar gwiwar nan tawa."

A banki inji ya ƙi kuɗin,
sun yi laushi, sun sha hannu, sun sha raɓa.
Ma'aikaciyar ta ƙirga da yatsa
tana atishawa saboda yaji.
Suka cika, har da canjin ɗari biyu.

Yanzu ina aji uku.
Wani fom ɗin ya fito, gurbin nan yana nan bakinsa buɗe.
Da za su karɓa, da na rubuta:
Farin Gada, layin kabeji, rumfa ta biyar daga famfo.

Na tambayi Inna, kuɗin baɗi fa?
Ta ce baɗi na Mai baɗi ne,
miƙo min wuƙar nan, mota ta iso.