Lodi Biyar

Takardar ta ce bariki zai ba da rijiyar burtsatse,
ƙaramar hukuma ta ba da tanka da man dizal.
Ba ta ambaci sunana ba.
Ni ne Barau, wanda ke zirga-zirga
tsakanin sa hannun ciyaman da na kwamanda.

Bayan asuba nake tayar da ita,
tsohuwar Marsandi mai tarin ɗan taba.
In baro Rigachikun, in hau titin Zariya,
kafin rana ta yi ƙwari ina ƙofar Jaji.

Nan Kofur Shekari zai nemi katina,
kamar ba shi ya ci gorona jiya ba.
Ya dubi hoton, ya dube ni,
ya ce, "Wannan ya fi ka ƙiba, ina ka kai shi?"
Sannan ya ɗaga ƙarfe in wuce.

Daga inda nake cika tanka ana hango filin harbi.
Gonar babana ce a da,
dawa da wake, da wata ɗorawa da ya hana a sare.
Ɗorawar na nan.
An shafa mata farin fenti a gindi,
ita ma ta shiga soja.

Lodi uku na bariki, biyu na gari,
haka aka rubuta.
Matan sojoji na jera jarkoki kamar fareti,
a Unguwar Gwanki kuwa sai wanda ya fi ƙarfin gwiwar hannu.
Yara na bin bayana da robobi
suna tarar abin da ke ɗiga,
shi ya sa ban taɓa gyara famfon baya da gaske ba.

Da aka rantsar da sabon ciyaman, mai ya tsaya.
Kwamanda ya aika wasiƙa,
sakatare ya ce ana dubawa.
Sati bakwai ana dubawa, a tsakiyar bazara.
Sai mai unguwa ya zagaya da faranti bayan Juma'a,
Shekari ya zagaya da hularsa bayan coci,
aka haɗa kuɗin jarka huɗu.
Shi ya riƙe mazurari, ni na tsiyaya,
dizal ya ɓata masa takalmin da ya kwana gogewa.
Bai ce komai ba sai "Allah ya isa, Barau,"
yana dariya.

Damina na faɗuwa aka tura su dajin Birnin Gwari.
Wanda aka sa a ƙofa yanzu yaro ne,
yana duba kati, ba ya duba fuska.
Na tambaye shi Shekari, ya ce bai san shi ba.
Na tambayi wani saje, ya cire hula,
ya daɗe yana kallon cikinta.

An ba Rifkatu wa'adin barin gidan gwamnati.
Ta kama ɗaki ɗaya a Unguwar Gwanki,
bayan injin niƙan Tanimu,
ita da 'ya'ya uku da jarkoki masu lambar bariki.
Ran farko ta tsaya can gefe,
ba ta iya turereniya ba, ta saba da layi.
Inna Dije ce ta fizge jarkar daga hannunta
ta dangwara a gaban tiyo,
ta ce, "Duk mai magana ya zo ya same ni."
Ba wanda ya zo.

Na duba takardar a daren nan da tocila.
Ba inda ta faɗi lodin da matar marigayi take ciki,
na uku ko na biyu.

Jiya aka sabunta yarjejeniya.
An kafa rumfa, an raba lemo,
ciyaman da kwamanda sun riƙe hannun juna
har mai hoto ya ce ya isa.
An ce in matsar da tanka don ta fito a hoton.
Na matsar.
Ina bayanta a tsugune da sufana,
ina yi kamar mai ɗaure famfo,
yara na jira da robobinsu.