Buhun Asabar

Ran Asabar ba na wanki, ba na kitso.
Tun asuba nake tsaye a tashar Agege
da buhun shinkafa wanda ba shinkafa,
ina jiran danfo ta cika.
Yara sittin da uku gare ni a aji biyu,
littafin rubutu goma sha ɗaya,
allina ya koma kamar haƙorin jariri.
Albashi ya yi sallama ran ashirin da tara,
ran uku ga wata ya ce a sallame shi.

Shomolu nake fara sauka,
inda injin ɗab'i bai san dare ya yi ba.
Baba Rasaki mai yankan takarda,
yatsa huɗu a hannunsa na dama,
ya hango ni, ya ce, "Ticha ta iso!"
Ya turo mini da ƙafa abin da wuƙa ta zubar:
gefen katin biki, ragowar kalanda,
fastar wani ɗan takara da ya sha ƙasa.
Gabanta murmushi ne da alkawari,
bayanta fari fat.
Bayan nake so.
Na ce, nawa? Ya ce in wuce,
shi ma a bayan kalanda ya koyi sunansa.

Na taɓa zuwa Ikeja wata Laraba,
ofis mai gilashi, sanyi har ƙashi.
Aka ce in rubuto wasiƙa. Na rubuto.
Aka ce babu hatimi. Na buga.
Aka ce oga ya yi tafiya.
Ina fitowa na ga kwandon shara
cike da takarda mai fuska ɗaya,
mai gadi ya ce ba a taɓawa.
Har yau wannan kwandon nake mafarki.

Mil Sha Biyu ba ta neman hatimi.
Ilu mai albasa ya aje mini kwali shida,
na huɗu yana warin tattasai,
amma taswira ba ta da hanci.
Tela Ɗantani ya zazzage aljihun keke:
guntun alli, shuɗi da rawaya,
da zare rabin ƙwarya.
Mai gyaran rediyo ya ba ni mataccen batir,
in fasa, in daka baƙin da ganye,
in shafe allon bango ya dawo saurayi.

A Oshodi, ƙarƙashin gada,
Nkiruka mai lemo a bokitin ƙanƙara
ta tara mini marafan kwalba a gwangwani.
Ja ɗaya ne, kore goma.
Da su Tasalla ta gane
yadda ake aro a lissafi
ba tare da an ji kunya ba.

Sai ruwa ya sauko.
Kwandasta ya dubi buhuna, ya ce kuɗin mutum.
Na biya masa kujera,
na lulluɓe shi da mayafina,
ni na jiƙe.
Wata fasinja ta ce, "Mama, me ke ciki?"
Na ce, aji biyu.

Lahadi da dare, an ɗauke wuta.
Fitilar waya a bakina,
allura a hannu,
ina ninka goma-goma ina ɗinkewa.
Hamsin da biyu. Yatsana ya huje sau uku.

Litinin na raba.
Ɗanlami ya juya nasa, ya ga rabin fuska,
ido ɗaya da gefen hula.
Ya ce, "Malama, wane ne?"
Na ce, wani ne da ya ce zai ba ku littafi.
Ya yi shiru, ya lashi bakin fensir,
ya ce, "To ai ya bayar."
Ya juya bayan,
ya ja layin farko a karkace.