Igiyar da Ta Zaga Unguwa

Ran da Inno Kulu ta shigo gidanmu a Achida
ba kwano ta riƙo ba.
Kwano na saba da shi:
a miƙo, in durƙusa, in yi godiya,
kafin la'asar ya koma wayam,
in zauna ina ƙirga ƙofofin da ban ƙwanƙwasa ba tukuna.

Igiya ta riƙo.
A ƙarshen igiyar jar akuya, kunne guda a tsage,
tana harara ta kamar na ci mata bashi.

Ta ce, "Tumba, tashi, kar ki gode, ba kyauta ba ce.
Mu ashirin da uku muka haɗa,
ɗari bibbiyu duk Juma'a, har kuɗin suka kai.
In ta haifi mace, ki yaye,
ki kai gidan da ke bin naki a littafi.
Abin da ya biyo baya naki ne."
Na dangwala yatsa.
Kwana uku shuɗin tawadar bai fita ba,
ina ɓoye shi a gefen zane.

Ashe akuya ma baki ce.
Mu biyar kan tukunya ɗaya, ga ta shida ta iso.
Na yi surfe a biya ni da dusa,
na bi gonaki kalar harawa bayan an roro wake,
ƙaya ta san tafin ƙafata, ni ma na san ta.

Da bazara ta tsaya a ka,
irin wadda ko ƙadangare ke neman inuwa,
sai ta kwanta, hanci na zuba, ko ruwa ta ƙi.
Na ce wa Modi, "Nemo mahauci kafin ta zama mushe."
Yaron ya saɓa mini.
Jabbi ya ɗauko, wanda ƙungiya ta tura birni koyon allurar dabbobi,
bisa tsohon keke, tocila a baki.
Bai karɓi ko sisi ba. Ya ce a rubuta.
Mutanen nan, komai a rubuta.

Daren ruwan farko ta haihu,
mace da namiji, jajaye kamar ƙasar gini.
Wata huɗu ina kallon 'yar macen,
wata murya tana ce mini,
wa zai sani in kin ce ta mutu?
Shaiɗan bai da nisa da turke.
Sai in dubi yatsana, ko da tawadar ta daɗe da tafiya.

Da hannuna na kwance ta,
na ja ta gidan Ige, wadda mijinta ya tafi cirani
shekara uku ba wasiƙa ba saƙo.
Ta sunkuya za ta durƙusa,
na ji bakina ya ce, "Tashi, kar ki gode."
Muryar Inno Kulu ce, amma daga ƙirjina ta fito.

Bunsurun ya tafi kasuwa gab da Sallah,
ya dawo tiyar gyaɗa goma.
Gyaɗa ta zama mai da ƙuliƙuli,
ƙuliƙuli ya zama takalmin Modi da kuɗin jarrabawa.

Ba zan ce na yi arziki ba.
Ɗakina har gobe yana yoyo ta kusurwar gabas,
bara cuta ta ɗauke mini biyu a mako guda.
Amma bakwai suna tsaye a turke,
ran Juma'a ina ajiye ɗari biyuna ba tare da na sunkuyar da kai ba,
kwanon nan kuwa,
da shi nake awon dusa.

Jiya na hango wata yarinya, ban san gidansu ba,
tana jan 'yar akuya ta bayan masallaci.
Igiyar na fara ganewa,
ƙulli tara, na biyun nawa ne.
Akuyar kunnenta lafiya lau,
amma da ta waiwayo,
hararar nan ce dai, ta kakarta.