Tulun Zuma a Gojjam

Na hau dutse da tulun zuma a ka,
farar zuma, ta amya bakwai,
zuwa majami'ar da ke kallon tafkin Tana.
Na tuɓe takalmi a ƙofa kamar kowa.
Abba Tsegaye ya karɓa, ya sa albarka,
jama'a suka ce, "Kai, Belachew ya yi abin kai!"

A bayana Yeshiwork ta tsaya,
matar marigayi yayana,
da guntun kyandir
da ɗan lubban ƙulle a bakin mayafi.
Ba wanda ya waiwaya.
Hayaƙinta ya miƙe sak har rufi.

Ni kuwa addu'ata ta maƙale a wuya
kamar ƙayar kifi.

Na san dalili. Bara da damina, cikin dare,
na gusar da dutsen iyaka taku huɗu
cikin gonar marayunta.
A furen gonar nan ƙudan zumata suka yi kiwo.

Ashe Ubangiji ba ya auna tulu.
Hannun da ya miƙo yake fara dubawa,
ya bi hannun har ƙirji.
Me zai yi da zuma, shi da ya halicci fure?

Na fita ana tsakar addu'a, na manta takalmi.
Dutsen ya fi na wancan dare nauyi,
sai da ya ci mini farce biyu ya koma gurbinsa.
Saura ƙofarta, gobe da safe.
Wannan ce mai wuyar.

Zumar na can. Ta jira.